Maginin Cocin Kakana

Ni ne mai gadin kabarin sarki da ke ƙarƙashin cocinmu na dutse. Ran nan bayan addu'ar yamma, ina shirin kulle ƙofa, sai ga wani tsoho lulluɓe da farin mayafi a bakin matakala. Ƙanshin turaren lubban ya ɗauke, sai warin ƙurar dutse.

"Ɗana Tesfaye, haska mini mu sauka."

Ban san shi ba, amma na ɗauki fitila na bi shi. Bai sumbaci ƙofa ba, bai yi alamar gicciye ba kamar yadda masu ibada suka saba.

"An ce kai jinin mai kabarin nan ne?"

"Ƙwarai, Baba," na ce, har da ɗaga kafaɗa. "Kakana ne ya gina cocin nan."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Kakan naka ko dutsen niƙa bai iya sassaƙawa ba. Ni na gina. Da na gama, sai ya ji tsoron kada in gina wa wani sarki coci irin wannan."

Mayafin ya zame. Dungu biyu na gani a inda aka datse masa hannuwa, jini yana ɗiga har yanzu.

"Ɗaga fitilar sosai, ɗana," ya ce, idonsa a kan yatsuna. "Kamar za su yi mini daidai."