Rabin Juyi

"Kowa ya kwanta! Mai son ransa ya sumbaci ƙasa!"

Muryar Gatari ce, ogan tawagar, daga cikin shagon wayoyi, da rana tsaka. A waje Totur na zaune a kan sitiyari, ya bar injin a kunne, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Motar ba tasu ba ce. Jibgegiyar mota ce mai jan ƙafa huɗu, mai shan dizal, wadda wani ɗan kasuwa ya kawo gyaran birki garejin yayan Totur. Yaya ya tafi sayo kayan gyara, sai yamma zai dawo. Lissafin Totur mai sauƙi ne: a yi aiki, a wanke mota, a mayar da ita inda take kafin Yaya ya dawo. Yayan nan shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, har gobe kuma yana zaton ƙaninsa direban haya ne.

Da safe Gatari ya gwada motar, ya taɓe baki.

"Wannan ai tsohuwa ce mai ciwon gwiwa. Ɗan sanda a keke ma sai ya kamo mu."

"Oga, bar ni da ita. A gareji na tashi fa."

A gareji ya tashi kam, amma a kan benci, yana barci. Abu ɗaya ya tsinta: akwai wani noti a bayan famfon mai, in aka juya shi injin ya ƙara samun dizal, turbo ya ƙara hura iska, mota ta zama zaki. Ya sha jin Yaya yana cewa, "Rabin juyi, ka saurari injin. Mota ba ta son zari." Totur ya yi nasa hisabin: in rabi na ba da zaki, uku fa? Ya yi mata uku cif, ya kuma ɗaure tiyon da ke rage wa turbo iska da waya. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Yanzu dai, a bakin shago, ƙofar motar ta buɗe – Gatari ya faɗo ciki da jaka, Shiru na biye da tasa. Shiru ake ce masa don bakinsa ba ya rufuwa.

"Taka, ɗan iska! Taka!"

Totur ya taka. Motar ta yi haniniya, ta zabura, ƙeyar Gatari ta bugi kujera.

"Kai! Kai! Mutumina, jirgi ka haɗa mana!" in ji Shiru. "Wallahi na sara maka!"

A shago, mai wayoyi ya rarrafo ya tare motar 'yan sanda a bakin titi.

"Ina suka bi?" sufeto ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, sai an gaya maka?"

Sufeto ya duba. Baƙin hayaƙi ne ya miƙe a kan titi, ya sha kwana wajen gidan mai, ya haura gada, ko yankewa bai yi ba. Ya ce wa direbansa, "Kashe jiniya, kada ka wahalar da kanka. Sun bar mana adireshi."

Su Totur sun yi nisa, sun shige wani lungu bayan rumbunan ajiya, inda suka shirya laɓewa har ƙura ta lafa.

"Kashe ta," in ji Gatari.

Totur ya murɗa makulli. Injin bai mutu ba. Ƙara ma ya yi.

"Na ce ka kashe!"

"Oga, ga makullin a hannuna!"

"To uban wa ke tuƙa ta?"

"Aljanu!" Shiru ya kwarma ihu. "Na rantse motar nan da mai ita a ciki!"

Ba aljani ba ne. Turbon ne ya gaji ya fashe, ya shiga ɗura wa injin baƙin mansa, injin dizal kuwa in ya samu abin sha da iska ba ruwansa da makulli. Kuka yake kamar ana yanka shi. Farin hayaƙi ya cika lungun, mutanen unguwa suka fara leƙowa ta taga.

Gatari bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗaga gindin bindiga – ƙwal! – a kan Shiru, ya fizge jaka ta biyu, ya ɓalle ƙofa ya afka cikin hayaƙi. Gudu yake ba ya ganin gabansa, har ya yi karo da wani abu mai taushi. Tumbin sufeto ne.

Totur na da hanya. Katangar baya gajera ce, tsalle ɗaya ya ishe shi. Har ya ɗora hannu, ya waiwayo. Motar da aka damƙa wa Yaya. Amanar mutane. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a gaban bindiga. Ya dawo da gudu, ya ɗaga bonet, ya tuɓe rigarsa ya cusa a bakin bututun da injin ke shaƙar iska, kamar yadda ya taɓa ganin an yi.

Injin ya haɗiye rigar. Ya yi tari – gau! – ƙarfe ya huda gefen injin, baƙin mai ya malale ƙasa. Lungun ya yi tsit.

Haka 'yan sanda suka same shi, ba riga, yana durƙushe yana tare mai da tafin hannu.

Gatari ya rasa haƙora biyu da jaka biyu. Shiru ya farfaɗo a asibiti, kafin a tambaye shi ya zayyana komai, har da abin da ba a yi ba. Lambar motar ta kai 'yan sanda gidan ɗan kasuwa, shi kuma ya kai su gareji.

Gab da magariba aka shigo da Yaya ofishin 'yan sanda, da ankwa a hannu, ledar sabon birkin da ya sayo na hannun kurtu. Ya daɗe yana kallon ƙaninsa ta bayan kantar ofishin. Bai zage shi ba. Totur ya so a ce zagin ya yi.

"Auta, juyi nawa ka yi mata?"

"Uku, Yaya."

Yaya ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi ƙarfen da ke hannunsa.

"Duk abin da na koya maka, ashe ko rabin ba ka ji ba."