Keken Zuwa Doso

"Doso? A kan keke?" Zuera ta dire kwanon shinkafa da wake a kan benci har miya ta fantsalo. "Ishawu, ka ma san inda Doso take?"

Bai ɗago ba. Yana tsugune a rumfarsa ta gyaran kekuna, a bakin babbar kwatar da ta raba unguwar Nima da ta Maamobi, da taya tsakanin gwiwoyinsa. Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi, ya ce ya sani mana, tana Nijar, bayan Togo da Benin, kuma duk ƙasa ce a shimfiɗe, babu inda aka ce sai mai fiffike.

"To ni fa? In zauna ina kallon hanya?"

"Zuera tawa... ai don in same ki zan tafi."

Ta juya masa baya don kada ya ga maganar ta shige ta.

Ga yadda abin ya samo asali. Zuera tana ƙarama aka yi korar baƙi a Gana. Mahaifinta Malam Kadiri, Bazabarme ɗan Doso mai sayar da albasa, ba shi da takardar zama, sai ya hau babbar mota ya tafi. Mahaifiyarta Mma Awabu kuwa haihuwar Nima ce, kuma tsohuwarta tana kwance ba lafiya, don haka ta ce ba za ta bi shi ba sai jikin ya yi sauƙi. Shi ya ce zai dawo, ita ta ce za ta zo. Tsohuwa ta daɗe tana jinya ta rasu, shekara goma ta wuce, babu wanda ya cika alkawarinsa. Direbobin albasa sukan ce suna ganinsa a kasuwar Doso da ransa da lafiyarsa, amma duk saƙon da aka ba su shiru ne amsarsa.

Da Ishawu ya turo manyansa da goro, Mma Awabu ta karɓe su hannu bibbiyu, ta cika su da abinci, sannan ta ce yarinya tana da uba, a je a tambaye shi ido da ido. Baba Osumanu, aminin Kadiri wanda aka bar wa amanar gidan, ya ce ai shi zai iya tsayawa ya ba da ita. Ta ce a'a. Kuma Mma Awabu in ta ce a'a, ko limamin Nima sai dai ya gyara rawani ya tafi gida.

Shekarar kuwa mai ya yi ɓatan dabo. Motocin arewa suna jere a kasuwar Agbogbloshie, direbobi na barci a ƙarƙashinsu, ko trotro, motar haya ta cikin gari, sai ka sha layi. Da wani saurayin ne, da ya haƙura. Shi wannan sai ya dubi tarin ƙarafan da ke rumfarsa ya ce ai ga mota.

Fushin Zuera bai yi nisa ba, don Ishawu ya iya baki. Kowace la'asar in ta gama sayar da abinci takan zo ta tarar ya share ƙasa ya zana hanya da ƙusa. Ga Aflawo, bakin iyaka. Ga Lome, inda zai tuƙa teku na hannun damansa, iska na kumbura masa riga. Daga nan ya miƙe arewa, Atakpame, Sokode, Jugu, Kandi. Yakan faɗi sunayen a hankali, ita kuma ta lumshe ido ta ga garuruwan da ba ta taɓa gani ba, da jar ƙasa, da mata masu tuluna suna ɗaga masa hannu.

Ya ce kowane gari da zangonsa, kowane zango da masallacinsa, wanda ya iya sallama da Hausa ba ya kwana a waje. Ya sa aka yi masa waldar kariyar ɗaukar kaya mai faɗi a bayan keken. Ya tanadi faci da famfo da sarƙa ta biyu. Ita ta soya masa ƙuli-ƙuli, ta auna garin rogo, ta koya masa yadda ake naɗe goro a ɗanyen ganye ana yayyafa masa ruwa don kada ya isa gaban surukinsa a bushe.

Daɗi dai kamar a mafarki. Amma da zarar ta tashi ta kama hanyar gida, sai daɗin ya gushe. Mahaifinta ma da murmushi ya tafi. Hanyar nan ta taɓa cinye mata mutum ɗaya, ga shi da hannunta tana shirya mata na biyu. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma duk ta ɗora laifin a kan mahaifiyarta.

Wata safiya suna bakin murhu, Mma Awabu na jefa karan dawa a tukunya don shinkafar ta yi ja, Zuera ta kasa riƙewa.

"Mma, me Ishawu ya yi miki?"

Mma Awabu ta tura itace cikin murhu.

"In ba kya sonsa ki faɗa. Amma ki tura shi inda Baba ya tafi bai dawo ba... so kike ni ma in tsufa ina tambayar direbobi?"

Kai, maganar ta yi nauyi, ita kanta ta sani tun kafin ta rufe baki. Mma Awabu ta ci gaba da juya tukunya, hayaƙi na shiga idonta, ba ta ko kawar da kai ba.

Washegari da la'asar, Zuera na zaune a rumfar Ishawu sai ga Mma Awabu ta tsallako kwata da mayafinta, matar da ba ta taɓa taka wurin ba. Ishawu ya zube ya gaishe ta. Ta amsa sama-sama, idonta na kan zanen da ke ƙasa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa silifas ta goge wani yanki.

Ta ce ɗana, ba haka ba ne. In ya bar Atakpame akwai hawa, kada ya yarda rana ta same shi a kai. Daga Sokode ya karkata gabas, kuma ya daidaita tafiyarsa ya shiga Jugu ranar kasuwa don ya sami abokan hanya. Bayan Kandi ruwa yana wuya, jarka ɗaya ba za ta ishe shi ba. Ta faɗi inda ake duba takardu, da inda gara mutum ya sauka ya tura kekensa cikin ladabi. Har gadar da ke kan kogi kafin garin Gaya na Nijar ta kwatanta, da yadda masunta ke shanya taru a ƙarƙashinta.

Ishawu ya saki baki. Zuera kuwa mamaki ya kama ta, don a saninta mahaifiyarta ba ta taɓa wuce garin Tema da ke nan kusa ba.

"Mma... kin taɓa zuwa ne?"

"Kullum nake zuwa," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba. "Ina kaiwa gadar nan sai ruwan shinkafa ya tafasa."

A nan Zuera ta gane. Ashe duk ƙarin naman da ake zuba wa direbobin albasa, da doguwar hirar da ake ja da su, hanya ake saya taƙi-taƙi. Shekara goma matar nan tana shirin tafiyar da ba ta yi ba. Ba ƙin Ishawu take ba, so take wani nata ya je ya ga mutumin da idonsa. Kunya ta rufe Zuera, ta durƙusa ta kama gefen zanenta tana kuka tana neman gafara.

Mma Awabu ta dafa kanta, ta ce gaskiya ta faɗa jiya, gaskiyar ce ta hana ta sukuni. Sai ta dubi Ishawu ta tambaye shi ko cikin tarkacen nan nasa za a iya haɗa keke na biyu.

"Na bar mijina ya kama hanyar nan shi kaɗai," ta ce. "Ba za a sake yin haka a gidana ba. Osumanu ya ɗaura muku aure, ku je tare ku gaishe shi."

Aka ɗaura aure ranar wata Juma'a. Sai koyon keke, wanda ya zama abin kallo a Maamobi. Amarya guda da lalle a ƙafa tana tangaɗi a filin makaranta, ango na bin ta a guje yana riƙe da sirdi. Matan unguwa suka ce zamani ya zo ƙarshe. Ta faɗi, ta kurje gwiwa, ta rantse ba za ta sake hawa ba, washegari ita ta riga shi fita.

Amma da tafiya ta matso, sai zuciyarta ta karye. Wa zai ɗauko itace? Wa zai kai tukunya bakin titi? Ta sami mahaifiyarta ta ce ta fasa, Ishawu ya je ya dawo, ita ba za ta bar ta ita kaɗai ba.

"Haka na ce wa ubanki," in ji Mma Awabu. "Kalma ɗaya ba ki canza ba. Tashi ki ɗaure kayanki."

Ranar tafiya, hantsi bai gama fitowa ba kekuna biyu suka tsaya a ƙofar gida, an ɗaure musu kaya tam. Maƙwabta suka yi addu'a suka koma gefe. Ishawu ya ja nasa gaba kaɗan don ya ba su wuri.

Zuera ta riƙe hannun mahaifiyarta. "Me zan ce masa, Mma?"

Mma Awabu ta gyara mata ɗankwali, ta sake gyarawa, alhali babu abin da ya same shi.

"Ki ce masa tsohuwa ta rasu tuntuni. Ki ce... ki ce ba na fushi."

Zuera ta gyaɗa kai, ta hau, ta taka feda. Har ta kusa kwanar titi sai ta ji takun silifas a bayanta. Ta ja burki. Mma Awabu ce, tana haki, mayafinta ya zame, hawaye sun wanke mata fuska.

"A'a, kada ki yi masa ƙarya," ta ce. "Ki ce ina fushi. Ki ce ya zo ya ba ni haƙuri da bakinsa, ina nan inda ya bar ni."