Tsagar Bakin Ƙofa

"Sau ɗaya tak zai zaɓa. In ya kuskure, ya kwashi danginsa su koma Edea."

Edwige ta ɗago kai a firgice ta dubi mahaifinta.

"Papa... ai wasa ne! Kowane ango da gangan yake kuskurewa, a ci tararsa, a yi dariya..."

"A gidan wasu wasa ne. Ban da gidana."

Papa Kuate bai ɗaga murya ba. Shi dama ba ya ɗagawa. Tsohon shugaban makaranta ne, duk Bafusam an san in ya yi magana ƙasa-ƙasa to an gama. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Yaron nan a waya ya tsince ki. Hoton hannu ya gani da tukunya. An gaya mini haka kuke ku 'yan intanet, yau a so, gobe a goge. Ranar Asabar za a lulluɓe ku ke da 'yan uwanki kamar yadda aka saba. In ya san ki, ya nuna ki. In bai sani ba, ba ni da 'yar ba wa baƙo."

An gaya mini! Edwige ba ta buƙatar a faɗa mata wadda ta gaya masa. Priska ce, 'yar ƙanwar Papa, mai bidiyon kwalliya da dubban masu bibiya. Tun ranar da ta nemi Bilong, saurayin Edwige, su riƙa fitowa tare a bidiyo ya ce mata a'a cikin ladabi, ta ɗaura ɗamara. Kwana biyun nan kuwa ta zama 'yar gaban goshin kawunta, kullum tana kawo masa ayaba da labari.

Edwige ta miƙe. A bakin ƙofar falo akwai wata tsaga a siminti, doguwa kamar tsinken kwakwa. Nan tukunyar ƙarfe ta suɓuce daga hannun mahaifiyarta ranar da ta yanke jiki ta faɗi, ba ta kuma dawo daga asibiti ba. Edwige ta tsallake tsagar ta fice, ta nufi madafa inda ba wanda zai ga hawayenta.

A madafar nan komai ya fara. Bayan rasuwar Mama, Edwige ta ji tsoron kada girkinta ya bi ta kabari, sai ta buɗe shafi a intanet tana rubuta shi ɗaya bayan ɗaya: koki, wato alalar wake da ake naɗewa a ganyen ayaba, da miyar gwaza ruwan ɗorawa, da miyar nkui mai yauƙi wadda ake yi wa mai jego. Papa ya yarda da sharaɗi biyu: ba fuska, ba sunan kowa na gidan. Don haka hannuwanta kaɗai duniya ta sani, da ɗan tabon ƙuna a babban yatsanta na hagu.

A ƙarƙashin kowane rubutu kuwa sai ta tarar da sharhin wani wai shi Bilong, mai shafin labarin hanyoyi da motocin haya. Na farko ma tsokana ce: "Madam, na bi yadda kika ce, koki na ya fito kamar bulon gini. Wa zan kai ƙara?"

Ta amsa: "Kai ƙarar hannunka."

Daga nan fa aka ɗinke. Sun fara ganin juna a taron marubutan shafuka da ake yi a Duwala, inda kowa ke zuwa da caja a aljihu ana rububin soket. Yana ganin hannunta riƙe da kofi ya ce, "Ke ce mai bulon gini!" Ta yi dariya har ta ƙware. Kai, soyayya dai ba ta sallama.

Ta share ido ta kira shi.

"Sarauniyar madafa," ya ce, ana jin hayaniyar tashar mota a bayansa. "Muryarki ba daidai take ba. Wa ya taɓa min ke?"

Ta kwashe komai ta gaya masa.

Bilong ya ce, "Yana da gaskiya fa."

"Bilong!"

"Ke kaɗai Mama ta bar masa, zuciyata. Ni ma da ni ne, sai na gwada mai zuwa."

"In ka kuskure fa? Papa ba ya magana biyu... Ka ji, zan ɗan turo hannuna ta ƙasan zanen. Ka duba tabon."

"To. Amma ki daina kuka, kina ƙona min rai daga nan."

Ta ajiye wayar da ɗan sanyi a ranta. Tabon nan ai ko a cikin dubu zai gane shi.

Asabar ta zo da yayyafi. Tun hantsi gidan ya cika, ƙamshin koki ya gauraye unguwa. Dangin Bilong suka iso da buhun gishiri da manja da goro, a bayansu kuma ga abokan rubutu cike da ƙaramar bas tun daga Duwala, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu neman sabis. Papa Kuate ya sa aka kawo kwando.

"Duk mai waya ya zuba a nan."

Zo ka ga idanu! Wata mai shafin wasanni har sai da ta sumbaci tata kafin ta saka.

A ɗakin baya, Tata Odile, yayar Papa, tana rarraba wa 'yan mata biyar manyan zannuwa iri ɗaya. Sai ga Priska ta shigo da leda tana murmushi.

"Kawu ya ce kowa ta sa safar hannu da ta ƙafa. Ba magana, ba tari. Wai kada a yi maguɗi."

Edwige ta dubi tabon da ke yatsanta.

"Priska, me na yi miki?"

"Ni? Haba 'yar uwa! Taimakonki nake. In yana sonki da gaske ai zai gane ki, ko?" Ta miƙa hannu kan tebur ta ɗauki turaren Edwige ta fesa a wuya, ta fesa a zane. Sannan ta zare awarwaron jan dutsen da Edwige ta cire don sa safa, ta zura a kan tata safar. "Aro na yi. Kin san ni da son ja."

Tata Odile ta yi tsaki. "Ke dai yarinyar nan, Allah ya shirye ki." Amma umarnin ƙaninta ne a gidansa, ba ta da ta cewa. Ta lulluɓe Edwige da kanta, ta matse mata kafaɗa ta cikin zanen.

Duhu ya rufe ta. Ba ta ganin komai sai inuwar haske. Shi ke nan, ta ce a ranta, ba tabo, ba murya, ga ƙamshinta a jikin wata. Ta ji ana jan su ɗaya bayan ɗaya, mata na guɗa, maza na tafi. Da aka zo kanta, ƙafafunta ne kawai suka kai ta, don ita zuciyarta ba ta wurin. Aka tsayar da ita a jere, tana jin ƙarar awarwaronta a gefen dama, Priska na kaɗa shi da gangan.

Falon ya yi tsit.

"Ga su nan," in ji Papa. "Ka ɗauki lokacinka."

"Na gode, Papa. Ba sai na ɗauka ba."

Ta ji takunsa. Ya zo daidai awarwaron... ya wuce. Ya tsaya a gabanta, kusa har tana jin numfashinsa.

"Wannan ce."

Tata Odile ta yaye zanen. Haske ya dawo, ga fuskar Bilong, gumi ya jiƙa masa goshi duk da sanyin ruwan. Guɗa ta ɓarke, 'yan Duwala suka yi tsalle suna laluben aljihunan da ba waya. Priska ta fizge nata zanen ta yar.

"An yi masa alama! Wallahi Kawu, alama aka yi masa!"

Papa ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya dubi Bilong ta saman tabarau.

"Ta yaya ka gane ta? Gaskiya nake so."

Edwige ma ita take son ji.

Bilong ya rusuna. "Papa, ba a nan na gane ta ba. Tun a bakin ƙofa ne. Su huɗu sun taka tsagar can. Ita kaɗai ta tsallake."

Duk falon aka waiwaya ana kallon simintin.

"Wa ya ba ka labarin tsagar?" Muryar Papa ta canza.

"Ita ta rubuta, tun kafin mu san juna. Ba girki a cikin rubutun, ba hoto, shi ya sa kusan ba wanda ya karanta. Ta ce ko a duhu ƙafarta ba ta yarda ta taka wurin." Ya dubi Edwige. "Ranar da na karanta shi na daina tsokanarta don wasa kawai."

Edwige ta toshe baki da safar hannunta. Ita kanta ba ta san ta tsallake ba. Rubutun ma ta manta da shi, don ta yi shi ne a ranar da kewar Mama ta hana ta kunna wuta.

Papa ya dubi tsagar. Sannan ya ce, "A miƙo kwandon nan. Edwige, nemo rubutun. Karanta mini."

Ta cire safar, ta ɗauki wayarta, ta nemo. Ta karanta yadda tukunyar ta faɗi, da yadda koki ya watse har ƙarƙashin kujera. Sannan ta karanta ƙarshensa.

"Mahaifina yakan ce bai samu magini na kirki ba ne shi ya sa ba a gyara wurin ba. Unguwarmu cike take da magina. Na lura shi ma ba ya takawa. Ba mu taɓa yin maganar ba. Kullum muna tsallakewa, shi a gaba ni a baya, kowa yana yi kamar bai ga ɗan uwansa ba."

Tata Odile ta fashe da kuka. Priska ta zare awarwaron a hankali ta ajiye a kan tebur, ta koma bayan mata ta tsaya kanta a ƙasa.

Papa ya cire tabarau. Wannan karon ba gilashin ya goge ba.

Ya ɗauki goro ɗaya daga faranti ya ɓare, ya miƙa wa Bilong rabi, ya ci rabi. Dangin Edea suka sauke ajiyar zuciya a tare, har wani kawun Bilong ya ce, "Yauwa! Yanzu a kawo abincin nan kafin mu suma." Aka kwashe da dariya, masu hawaye na dariya da hawayensu.

Ana cikin hidimar zuba abinci Papa ya yafito 'yarsa. Ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"A rubutun nan, 'mahaifiyata' kawai kika ce."

"Kai ka hana a sa suna, Papa."

"Na sani." Ya dubi bakin ƙofa. "Girkinta ne mutane ke ci har Duwala, ba su san mai shi ba. Ki sa. Honorine Makamte. Ki rubuta shi daidai, da manyan baƙaƙe."

Edwige ta buɗe shafinta. Bilong ya durƙuso kusa da ita ya riƙe mata wayar, ta fara rubutawa. Papa ya mayar da tabaransa, ya sunkuyo a kansu kamar mai duba jarrabawa, yana bin kowane harafi har ta gama rubuta sunan.