Rigar Tagulla a Jikin Ɗan Dako

Ranar da Auta ta fara ganinsa, kafaɗarsa ta fara kallo kafin fuskarsa. Laifin sana'a ne. Shekara huɗu tana ɗinki a shagon Madam, idonta ya saba auna mutum tun bai gama sallama ba.

Ya shigo ɗauke da bandir biyu na yadi, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Ɗan dako ne a kantin da suke sayen yadi, kowa Dogo yake ce masa.

"Malam, tsaya nan, kar ka motsa," ta ce, ta zaro tef daga wuyanta.

"Wani laifi na yi?"

Ba ta kula shi ba, ta hau kan ɗan benci ta shimfiɗa tef a bayansa. "Inci ashirin da biyu cif! Madam, zo ki gani, mun samu!"

Wani kamfanin fim ne ya ba Madam aikin ɗinka rigar Tagulla, jarumin labarin zane mai tashi sama da fikafikai, wanda yara da iyayensu duk da shi suka taso. Awon ɗan wasan kawai aka aiko a takarda, babu suna. Duk ma'aikatan shagon sun sa hannu cewa wanda ya buɗe baki a kan rigar nan, a bakin aikinsa. Riga ce matsattsiya, ba ta zama a jikin mutum-mutumin gwada kaya, sai an sami mai rai da zai ɗaga hannu ya durƙusa. Ga shi Allah ya kawo shi har gida da yadi a kafaɗa.

Sati shida Dogo yana zuwa gwaji kowace Talata da hantsi. Ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar ɗaki, ita kuma tana zagaya shi da allurai a baki.

"Kin soke ni."

"Kai ne ka yi numfashi."

"To na daina, ranki ya daɗe."

Ta ƙyalƙyale da dariya har allurai suka zube. A sati na huɗu ya turo mata saƙo: "Allurata, yau ba Talata ba ce, amma kafaɗata na tambayarki."

Ta karanta sau bakwai kafin ta amsa: "Mai kafaɗa, ka ce mata ta yi haƙuri, mai tef ma tana ƙirga kwanaki."

Babanta mai gyaran agogo ne, teburinsa na gindin barandar wani kanti a bakin titi, inda abokansa ke taruwa hira. Mutum ne mai son a ce ya isa, kuma duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake ji da ita kamar Auta. Da Dogo ya je gaishe shi, ko gilashin da ke maƙale a idonsa bai cire ba.

"Me kake yi?"

"Dako, Baba."

"Dako. To idan bayan ya gaji fa? Ka ga yaro, ni ban rena sana'a ba, amma 'yata ba kaya ba ce da za ka ɗauka. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Auta ta sha kuka har ta gode Allah. Ta roƙi Mama, ta roƙi Yaya, kowa ya ce ta san halin Baba, in ya ce a'a ya gama.

Ana cikin haka hoto ya fita. Wani ne daga benen da ke kallon shagon ya ɗauka ta taga, ranar da iska ta ɗage labule. Hoton dishi-dishi, amma ga riga mai ruwan tagulla, ga rabin fuskar Dogo. Kafin la'asar ya zagaye duniya.

Dama wata da watanni masoya Tagulla na ta cacar baki a kan wanda za a ba rigar. Wasu sun ce wani tsohon ɗan dambe ne, wasu sun rantse mawaƙi ne, har da masu auna haɓar 'yan wasa da ta zanen littafi. Yanzu sun sami nama. Wata mai babban shafi a intanet da ake kira 'Yar Rahoto ta rubuta: "Majiya mai tushe ta tabbatar min kamfani ya ɗauko sabuwar fuska. Dakon da kuke ganin yana yi atisaye ne, gina jiki yake!" Mutum dubu arba'in suka yarda, don babu abin da ya kai ƙarya mai daɗi saurin shiga kunne.

Madam ta tara su ta rufe ƙofa. "Kamfani ya ce kowa ya yi shiru, surutun nan talla ne a wurinsu. Wadda ta musa ko ta tabbatar, ta tattara almakashinta. Kai ma Dogo, ka ce uffan, Auta ce za ta kwana a ciki, don ita ta kawo ka."

Da yamma Auta ta tarar da Baba a tsakar gida riƙe da wayar Yaya, bakinsa har kunne.

"Auta, ashe yaron nan gwada ni yake yi? Ni fa tun ranar na ga alama a tsayuwarsa. Ki ce masa ya turo manyansa."

Abin da ta yi wata tana roƙo ke nan, amma ba ta yi murna ba. Ba Dogo Baba ya amince wa ba, Tagulla ya ba 'yarsa, kuma saura sati uku kamfani ya bayyana ɗan wasan gaskiya. Ta buɗe baki, ta tuna takardar da ta sa wa hannu, ta rufe.

Daga ranar gyaran agogo ya koma gefe, Baba ya kama ba da labarin surukinsa. Duk wanda ya kawo agogo sai ya ga hoton kafin ya tafi. Auta kuwa abinci ya daina wuce mata. Tana kan keke ɗinki na karkacewa, sai ta farke ta sake, ta kuma farkewa.

Sai ga wani hoton: 'Yar Rahoto a bakin kantin yadi, ta matso kusa da Dogo tana murmushi, a ƙasa ta rubuta, "Ni da jarumina."

Auta ta tura masa: "Ashe rigar ta yi maka daɗi. Allah ya sanya alheri."

Amsa ta zo nan take: "Allurata, wallahi tsayawa kawai ta yi ta ɗauka. In na ce mata ba ni ba ne, za ta tambayi yadda rigar ta hau jikina, daga nan sai sunanki. Gara ki yi fushi da ni kina da aikinki."

Ta san gaskiya ya faɗa, amma kishi bai san gaskiya ba, kuma ita a lokacin neman wanda za ta ɗora wa laifi take. Kwana biyar ta share shi.

Rana ta shida, saura kwana biyu sanarwa, ya zo gidansu da rana tsaka ya durƙusa a gaban Baba. Auta na jin su ta bayan labule.

"Baba, ba ni ba ne jarumin fim ɗin nan. Ɗan dako ne ni, yau da gobe. Ba zan karɓi 'yarka da sunan wani ba."

Baba ya haɗe rai.

"To rigar fa? Aljanu suka sa maka?"

"Wannan ba zan iya faɗa ba, Baba."

"Ba za ka iya ba? Ka bar ni sati uku ina zuba a gaban sa'o'ina kamar mahaukaci? Tashi ka bar min gida! In na ƙara ganin ƙafarka a layin nan, ni da kai ne."

Ranar sanarwa kamfani ya fito da wani fitaccen ɗan wasa cikin rigar da Auta ta ɗinka da hannunta. Waɗanda suka ɗaga Dogo sama su suka fara sakin sa. 'Yar Rahoto ta goge hotonta, ta rubuta cewa dama ita ta yi shakka, wai satar shiga shagon ya yi ya sa rigar don neman suna. Aka sa masa Jarumin Bogi. Aka haɗa hotonsa da buhu a ka yana tashi sama. A kasuwa in ya ɗauko kaya sai a bi shi da ihu, "Tagulla, tashi mana, me ya sa kake tafiya a ƙasa?" Mai kanti ya ce taron na kore masa masu saye, ya je ya huta tukuna. Hutun da babu ranar dawowa.

Baba ma bai tsira ba. Abokansa suka riƙa tambayarsa yaushe suruki zai sauko daga sama. Kwana tara bai fita teburinsa ba, yana ɗaki yana kwance agogon da lafiyarsa ƙalau yana mayarwa. Gidan ya yi tsit, ko Mama a hankali take ajiye kwano.

Auta ta rubuta wa Dogo: "Mai kafaɗa, ka yafe min. Ka fito ka faɗa musu gwaji kawai ka yi, ni na sa ka. Sun mai da kai ɓarawo."

Ya amsa: "Ni na riga na rasa aiki, na rasa ki. In kika rasa naki, me na tsare ke nan? Wani ɗan'uwana ya ce in je wurinsa can nesa, akwai dako a tasha. Asabar zan tafi. Ki ci abinci don Allah."

Ta zauna a bakin gado da wayar a cinya. Ba ta ga wata hanya ba, ko ɗaya. In ta yi shiru zai tafi da sunan ɓarawo. In ta yi magana aikin shekara huɗu ya tafi, kuma babu tabbacin Baba zai sauko. Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Ranar Alhamis da safe ta je shago, ta naɗe tef ɗinta, ta ɗauki almakashinta.

"Madam, zan faɗa."

Madam ta daɗe tana kallonta. "Kin san ba zan iya riƙe ki ba ko? Kuma babu babban shagon da zai ƙara yarda da ke."

"Na sani."

Ta rubuta gaskiya a shafinta, layi huɗu, da sunanta. Mutum goma sha ɗaya ne suka gani. Masoya Tagulla sun riga sun koma gardamar wadda za ta fito a matsayin budurwarsa, babu mai lokacin ɗan dako. Ta sayar da aikinta ke nan a kan abin da ko kallo ba a yi ba.

Ta dawo gida ta shiga ɗakin Baba ta durƙusa.

"Baba, ni na sa masa rigar. Ni na tare shi a ƙofa na auna shi. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa, ya ƙi don kar a kore ni. Kuma shi ya zo da ƙafarsa ya faɗa maka gaskiya, ni da ka haifa na bar ka kana nuna hoto."

Baba ya cire gilashin idonsa. "Da na tambaye shi rigar, ke yake rufa wa asiri?"

"Eh, Baba."

"Aikin naki fa?"

"Na baro shi yau."

Ya juya mata baya. Ta fita da tabbacin ta yi biyu babu.

Washegari da hantsi Yaya ta shigo da gudu ko mayafi ba ta gyara ba, ta ce Baba ya buɗe tebur, kuma ya aika an kira Dogo. A gaban abokan nan masu dariya ya zaunar da shi a bencinsa.

"Kun tambaye ni yaushe surukina zai sauko," in ji Baba. "Ga shi nan, bai taɓa hawa ba, ni ne na hau. Ɗan dako ne, yanzu ma dakon babu. Amma an ɗora masa zagin duniya saboda 'yata ya ɗauka bai sauke ba. Na ba shi."

Dogo ya sunkuyar da kai, kafaɗun nan suka kama rawa.

Ba a yi wani taro ba, don babu halin yi. Shi bai sami aiki ba tukuna, ita kuma tsohon keken Mama ta kakkaɓe ta ajiye a zaure tana karɓar facin kayan maƙwabta. Har yanzu akwai masu ce masa Tagulla a hanya, kuma da wuya su daina.

Ita ta ɗinka masa kayan ɗaurin aure. Ba ta auna shi ba, ta ce awonsa na kanta tun Talatar farko. Da ya zo gwadawa sai wandon ya zame, rigar na lilo a cikinsa. Watan nan ya cinye shi ba ta lura ba. Ta zaro tef, ta zagaya ƙugunsa, inci uku sun tafi. Hawaye suka zubo mata.

"Allurata, mene ne kuma?"

"Kar ka motsa," ta ce. Ta hau kan benci ta shimfiɗa tef a bayansa, ta duba, ta sake dubawa.

"Nawa?"

"Ashirin da biyu. Ita dai tana nan."

Ranar da aka ɗaura, Baba ya cire agogon hannunsa ya ɗaura wa Dogo, sai da ya ƙara huda a madaurin kafin ya zauna. Ya dafa kansu su biyu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya rufa musu asiri kamar yadda suka rufa wa juna. Mama da Yaya suka ce amin, Auta ma ta ce amin, tana riƙe da gefen rigar da ta rage masa da hannunta.