Roƙon Da Dogo Ya Yi

Allura na hannunta, Auta ta hango su ta taga.

Dogo ne, Dogonta na ɗakin magani, tsaye da sabuwar nas ɗin da ake kira 'Yar Gayu, baki har kunne!

Auta ta so ta je ta ji ba'asi, amma ina halin fita? Tunda abokan aikinta suka watse neman inda ya fi maiƙo, ɗakin yara ya dawo wuyanta. Wannan na kuka, wancan ƙarin ruwansa ya ƙare. Har Umman Dogo ta fara mita: "Wadda ba ta da lokacin gaishe ni, ina za ta samu na miji?"

'Yar Gayu ta shigo tana yauƙi.

"Sista, mutuminki ya iya lallashi… Wai in na bar asibitin nan, bai san inda zai sa kansa ba."

Auta ta ci gaba da aikinta. Ana tashi ta tare Dogo a bakin ƙofa.

"Allah ya sanya alheri, ango!"

"Rabin raina, me kuma na yi?"

"Tambayi wadda kake wa magiya!"

Ya dafe kai.

"Babbar sista ce ta ce ba ki da hutun aure sai an samu mai riƙe ɗakin. In yarinyar nan ta tafi, an sake ɗaga bikinmu."

"Shi ne har da dariya?"

"Mai nema yana ɗaure fuska ne?"

"To ita ba haka ta ɗauka ba!"

Washegari, a gaban Auta, ya ce wa 'Yar Gayu, "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Don in auri wannan na roƙe ki ki zauna."

Kafin wata ya mutu 'Yar Gayu ta ajiye aiki. Hutu ya bi ruwa. Auta ta sha kuka, amma can ƙasan ranta wani sanyi take ji.

Ana haka jikan Umma ya kwanta a ɗakin. Tsohuwar ta wuni tana kallon Auta na zirga-zirga tsakanin gadaje, ko ruwa Autar ba ta kurɓa ba.

Da yamma ta kamo hannunta.

"Zauna, 'yata… Ashe haka kike?"

Ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma ka tsaya jiran hutu? A ɗaura! Ranar da take aiki, ni zan girka muku."

Haka aka yi. Amarya ta koma bakin aiki da zoben Dogo a yatsa, shi kuma duk nas ɗin da ta zo karɓar magani, kansa a ƙasa yake miƙa mata.