Batir Biyu da Ƙwan Zabin Inna

A Sundimina akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai karambanin tsiya. Duk abin da ta gani sai ta taɓa.

Innarta tana da injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da sola. Batir biyu ne ke riƙe da shi, an haɗa su a jere da waya mai kauri.

Wata rana yarinyar ta tsinci 'yar fankar mota. Ta maƙala wayoyinta a kan batir ɗaya, fanka ta hau juyawa. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta jona, ta sha iska abinta. Mako biyu tana haka, ba wanda ya sani.

Ranar Asabar aka tashi da hadari, rana ta ƙi fitowa. Da hantsi injin ya yi ƙara, ya mutu. Ga ƙwan zabi arba'in a ciki, saura kwana uku su ƙyanƙyashe.

"Wayyo ƙwaina!" in ji Inna. "In suka huce, shi ke nan!"

Baba ya ɗauko mitar auna wuta ya gwada baturan. "Ikon Allah! Wannan da ƙarfinsa, wannan kuwa ya mutu murus. Wa ya taɓa su?"

Yarinyar ta matso. "Ni ce, Baba. Fanka nake jonawa. Amma ɗaya kawai, don kada in cinye duka."

"Ai nan kika yi ɓarnar," in ji Baba. "Kin taɓa ganin an yi huɗa da sa ɗaya ƙosasshe, ɗaya mayunwaci? Mai yunwa na durƙushewa garma za ta tsaya. Caji iri ɗaya sola ke ba su. Wanda kika rage ba zai kamo ɗan'uwansa ba, sai an cika shi shi kaɗai."

Baba ya ɗaura mataccen batirin a babur, ya nufi wurin Malam Datti mai caji.

"Inna, ni na ɓata, ni zan tsare ƙwan nan," in ji yarinyar.

Ta hura wuta da jiƙaƙƙen ice, hayaƙi na cika mata ido. Ta zuba ruwan ɗumi a kwalabe, ta naɗe su da tsumma, ta jera cikin injin. In sun huce ta sake. Ko abinci ba ta zauna ta ci ba.

Bayan la'asar Baba ya dawo. Ya gwada, baturan sun zo daidai. Ya haɗa su, injin ya tashi.

Ranar Talata tsiyakin zabi talatin da huɗu suka fito, suna ta tsuwa. Shida ba su fito ba, kuma abin ya yi wa yarinyar ciwo ƙwarai.

Inna ta dafa kanta. "Share hawayenki. Da kin ɓoye gaskiya, ko kin kasa tsayawa, da ko ɗaya ba mu samu ba. Amma daga yau, abin da ba ki sani ba, ki tambaya kafin ki taɓa."

"In Allah ya yarda, Inna," in ji ta, ta ruga ta ɗebo wa tsiyakin tsaki.