Mangwaron Baba Inuwa

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. In na yi tuntuɓe, a ɗaga ni a hankali.

Kowace safiya a birnin Sabuwar Gaya, bututun da ya sauko daga gonakin saman benaye yakan zubo wa kowane babba rabonsa: mangwaro, gwaiba, karas da ɗan zogale. Suna faɗawa cikin Akushin Lafiya, wani kwano mai ma'auni a gindi. In nauyin ya ƙare, fitilarsa ta yi kore, ya aika wa hukuma saƙon an cinye. Injiniya Turai ce ta ƙera shi, ganin manya sun koma wa abincin kwali sun bar kayan lambu.

Fitilu suka yi ta yin kore. Hukuma ta sa ranar karrama ta.

Sai dai mahaifinta, Baba Inuwa, dasashinsa na ta jini, har likita ya ce haƙoran za su zube in bai ci 'ya'yan itace ba. Akushinsa kuwa bai taɓa fashin kore ba. Turai ta zo da safe don ta kwance injin ta duba ko ya lalace, sai ta iske shi a bakin taga yana yanka mangwaro, yaran maƙwabta sun miƙo hannu.

"Baba! Naka ne fa."

"Ai na ci, uwata."

"Me ka ci?"

"Na lashi wuƙar." Ya yi dariya, ya kare baki da hannu. "Ke, ina kika taɓa ganin mai furfura yana tsotsar mangwaro, yaro bai ƙoshi ba? Da kina ƙarama, wa ke cinye tsarabata?"

Ta tuna. Ita ce.

"Sauran dattawan ma haka suke yi?"

"Duk unguwar. Akushinki ɗan kirki ne, ba ya tona asiri."

Ranar karramawa, allo ya nuno birnin gaba ɗaya kore shar. Dattawan sahun gaba suna tafi, suna murmushi baki a rufe. Turai ta san gobe za ta faɗa wa hukuma cewa ta auna kwano, ba ta auna mutum ba.

Yau kuwa akwai nunannen mangwaro a jakarta. Za ta zauna gaban Baba ta sha rabi, ta ce wallahi ta ƙoshi, ta tura masa sauran.

Ana shirin kiran sunanta, ta riƙe takalmanta a hannu, ta sulale ta ƙofar baya.